Gaisuwa daga Ofishin da Ya Ƙone

A ɗakin jira na asibiti, injiniya ya tsura wa kwamfutarsa ido. Tsohuwar da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗan nan, me ya ɗaure maka kai?"

"Na'urorin intanet ne, Mama. Kowace tana gaida maƙwabciyarta, wadda ta yi shiru sai a cire ta. To wata ta ƙi daina gaisuwa, alhali ofishinta ya ƙone bara. Da hannuna na yanke wayarta."

"Ofishin bayan tasha?"

Ya juyo ya dube ta. "Shi."

"Ɗana ne mai kula da ita. Ranar gobarar bai fito ba. Me za ka yi?"

"Toshe ta zan yi."

"Kul. Ka amsa masa. Ni ma kullum amsawa nake yi."