Ɗakin Ruma'isa a Gidan Hajiya Yakura

Assalamu alaikum. Wakilin mai girma perefe, mai gari, liman, shugaban lise, wato babbar sakandare, da malamansa, iyalan marigayiya, ina gaishe ku da haƙuri.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, kuma allo kawai na yi. Iyayen yara suka ce in tsaya a madadinsu. Ba zan ƙara wa Hajiya Yakura abin da ba ta yi ba, don za a tambaye ni.

Ta kasance mai sauke 'ya'yanmu na ƙauye a Magariya, shekara ashirin da ɗaya. Ta kasance ba ta san baƙin boko ba, amma ta riga mu gane cewa mai son likita sai ya bi seri D, ajin kimiyya. Yarinya na ajiye akwati za ta tambaye ta: "Me kike son zama?" In ta ce likita, sai ta ce: "Wace seri?" In ta ce A, ajin adabi, sai ta ɗauki mayafi: "Tashi mu je lakwal. Da surutu za ki yi wa mutane allura?"

Ta kasance mai faɗa, wannan ma gaskiya ne. Ni ta yi wa, ranar da na bar Hassanata a seri A don kawai tana kusa da gida. Ta ce: "Kin zaɓa wa kanki 'yar aike, ba ki zaɓa mata karatu ba." Wata biyu ban gaishe ta ba. Ita ke da gaskiya.

Ga abin da ke ci mini rai. Tun safe muke yabonta, mu duka, ga Ruma'isa 'yar ƙauyen Mallawa, da ke seri D a masaukinta, zaune can baya, akwatinta a ɗaure. Shekara guda ta rage mata ta zana bak, jarrabawar gama lise. Lisen da ke kusa da su ba shi da malamin kimiyya bana. Mahaifinta Malam Hambali ya zo da babur. Na ce: "Malam, ina za ka kai ta?" Ya ce: "To Yaya, a kan bishiya za ta kwana? Ta koma A, duk karatu ne." Ba duk karatu ba ne, Malam. Kuma ba laifinka kaɗai ba ne, gidaje nawa ka buga kana nema mata masauki, muka ce sai mun yi shawara.

Nazir, ɗana, kai ne babba cikin 'ya'yan marigayiya. Na ji za a rufe gidan Jumma'a. Gadonku ne, ba ni da hakki a ciki. Ɗaki ɗaya nake roƙo, wata tara. Tuwonta a kaina, kuma zan dawo in zauna da ita. Ka ba Malam Hambali amsa kafin ya tada babur ɗin nan.

Na gode da kuka saurare ni, wanda na ɓata wa ya yafe. Allah ya ji ƙan Hajiya Yakura, ya yalwata kabarinta. Mu kuma ya ba mu kunyar da za ta hana mu kulle ƙofarta kafin yarinyar nan ta zana bak. Amin.