Kwana Uku a Kan Keken Saratu

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Ishaya, tsohon malamin firamare. Wasunku sun san ni, wasu kuwa sun manta kamannina, gama wata goma ke nan rabona da wannan benci. Ban zo da labari mai daɗi ba. Na zo in faɗi yadda na kusa rasa 'yata da bakina, da yadda Ubangiji ya tare ni.

Matata Saratu ma'aikaciyar lafiya ce. Shekara goma sha tara tana bin ƙauyukan Bodinga da Shagari a kan keke, baƙin keke na mata mai kwando a gaba. Mace a kan keke a ƙasar nan! Da farko dariya ake mata, daga baya aka saba, har aka sa mata suna Sista mai keke. Ta karɓi haihuwa, ta yi allura, ta ɗaure gyambo. Ni kuwa nakan ci tuwo da sanyi ina jiran ta.

Bara da bazara ta dawo tana cewa kanta na sara. Kafin la'asar ta tafi. Hawan jini, in ji likita. Washegari da sassafe na sa gawarta a mota muka nufi garinmu a ƙasar Zuru. Can muka binne ta, can muka yi makoki, na dawo bayan wata guda.

Na buɗe gida na zauna ina jiran masu gaisuwa. Daga cocin nan mutum huɗu suka zo, ina iya lissafa su da yatsun hannu ɗaya har ɗan yatsa ya yi saura. Daga ƙauyukan da ta ƙarar da ƙafafunta a kansu, ko mutum ɗaya! Ko ɗan aike! Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na ce ashe haka duniya take, ana shan inuwar bishiya, in ta faɗi a tsallake ta a wuce.

Ana nan 'yarmu Rifkatu ta gama makarantar aikin jinya. Ita kaɗai Allah ya ba mu. Ta kira ni a waya da murna, ta ce an ba ta aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Shagari, inda mamanta ta yi aiki.

Na ce mata, "Mutanen da ba su zo gaisuwar uwarki ba za ki je ki yi wa bauta? Ranar da kika karɓi aikin nan, ki nemi wani uban."

Ta yi kuka ta ce, "Baba, don Allah ka saurare ni." Na kashe wayar. Wata uku tana kira ba na ɗauka. Ta zauna wurin innarta, ƙanwar mamanta, ba ta karɓi aikin ba, ba ta kuma ƙi ba, ga shi an ba ta wa'adi zuwa ƙarshen wata.

Zaman gida ya gagare ni. Wata safiya na fito da keken Saratu daga ɗakin ajiya, na sa masa iska, na ɗaura bargo da gorar ruwa. Kada ku zaci kewarta ce ta fitar da ni. Mugunta ce. Na ƙudura zan bi duk ƙauyen da ta yi wa wahala, in ratsa ta tsakiyarsu ba sallama, ba ɗaga hannu. Kun san a ƙasar nan mai keke yakan sauka in ya zo wurin dattawa, ya tura da hannu, ya gaishe su kafin ya sake hawa. To, ni na ce ƙafata ba za ta taɓa ƙasa don kowa ba.

Ranar farko na bi ta Sifawa na gangara fadama. Albasa ta yi kore shar, masu ban ruwa suna ɗagowa suna cewa sannu da hanya, ni kuwa na kafe ido a kan taya. Na kwana a rumfar wata kasuwa. Rana ta biyu yashi ya yi ta cin tayar, gwiwoyina suna ƙara, ɗan shekara sittin da biyu a kan keken mata. Na ga gulbi, na ga balbelu a bayan shanu, na ga masunta suna shanya taru. Wuri mai kyau, amma ni haushi yake ba ni. Ina tuƙi ina ce wa Allah, "Ga mutanenka nan, suna cin abincinsu lafiya lau."

Rana ta uku da hantsi na shiga wani ƙauye a bakin ruwa, bayan an wuce Shagari. Dattawa na zaune a gindin tsamiya suna gyaran komar kamun kifi. Na ƙara taka keke zan wuce kamar yadda na saba. Sai wata tsohuwa da ke wankin albasa ta saki ƙwarya ta ɗaga murya.

"Keken Sista! Jama'a, ga keken Sista!"

Kafin in ankara mata sun fito daga gidaje. Wani dattijo mai farin gemu ya miƙe ya tsaya a tsakiyar hanya, dole na ja birki. Daga baya na ji shi ne Sarkin Ruwan garin, shugaban masunta.

Ya ce, "Bawan Allah, ba ka sallama? Ina kas samo keken ga? Ina Sista take?"

Na dube shi sama da ƙasa, na ce, "Yau kuka tuna da ita? Watanta tara a kabari."

Tsohuwar nan ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Sarkin Ruwa ya ce, "Ta rasu? Mu cewa munka yi canjin wurin aiki anka yi mata, awa yadda aka yi ma sauran. Kai mi kake gare ta?"

Na ce, "Mijinta."

Sai ya ce, "Malam, wa ka aiko muna? Ina ka shimfiɗa tabarma munka ƙi zuwa?"

'Yan'uwa, gaskiya ya faɗa. Shekara talatin ina zaune cikin mutanen nan, na san in an yi rasuwa aikawa ake gari gari, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a karɓi gaisuwa. Ni na kulle gida na tafi da ita tun gari bai gama wayewa ba. Ban aika wa kowa ba. Na dawo ina jin haushin mutanen da ko labari ba su samu ba.

Dattijon ya kama kan keken ya ce, "Sauka." Na sauka. Ya sa aka kawo tabarma aka shimfiɗa a gindin tsamiyar, ya zaunar da ni a tsakiya. Suka yi ta zuwa, maza suna ba ni hannu suna cewa, "Allah shi ba ka hanƙuri." Mata suka tsugunna daga gefe. Wata ta ce da damina Saratu ta ɗora keken nan a ka ta ratsa ruwa har ƙirji don ta zo kanta tana naƙuda. Ni mijinta ban taɓa jin wannan ba. Har azahar ina zaune ana yi mini gaisuwa, ni da na shigo garin don in wulaƙanta su.

Da suka tashi salla na gangara bakin ruwa na durƙusa. Addu'ata ba ta masu ladabi ba ce. Na ce, "Ubangiji, ka ƙwace mini waɗanda nake ƙi. To, yanzu wa zan ƙi?" Nan na gane ba da su nake faɗa ba tun farko. Da shi nake, don ya ɗauke Saratu bai tambaye ni ba. Na faɗa masa haka a fili. Na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari. Ban ji wata murya ba, ban ga wahayi ba. Amma da na miƙe, dutsen da ke ƙirjina wata tara ya sauka. Yabo ga Yesu!

Daga wurin na kira Rifkatu, saura kwana biyu wa'adinta ya cika. Ta ɗauka tana jiran faɗa.

Na ce, "Rifkatu, ki karɓi aikin. Ki kuma yafe wa babanki, ya yi wauta."

Ta ce, "Baba, da gaske?" Sai kuka ya ci ƙarfinmu mu biyu.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, ban warke sarai ba. Mutanen ƙauye ba su sani ba, amma ku kun sani. A nan aka sanar, kuna zaune a bencin nan. Wannan yana ci mini rai har yau, kullum da safe sai na sake yafewa, kamar mai shan maganin da ba ya ƙarewa.

Duk da haka ina gode wa Ubangiji da ya tare ni a hanya ta bakin masunci, ya bar mini 'yata. Mai riƙe da ɗaci a cikinku, ya kai wa Yesu shi yadda yake, ba sai ya gyara kalmomi ba. Yana iya ɗauka.

Ranar Asabar zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana, Rifkatu za ta zauna kusa da ni. Na aika ƙauyuka, yanzu kuma na gaya muku da bakina. Wannan karon ba wanda zai ce bai ji ba.

Cikin sunan Yesu. Amin.