Mai Naƙudar da Ba Ta Yi Kuka Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ɗalibar aikin ungozoma ce daga Dogon Dutsi.

A lakwal, wato makarantarmu, malamai na turo muna bidiyoyin karɓar haihuwa ta waya. Na kalla har na hardace. A kowane ɗaya, in abu ya tsananta, matar kan yi kururuwa, sai a rugo.

Da anka tura ni horo wata likitar ƙauye, wato ƙaramin asibiti, wajen Dumega, sai ga wata mai haihuwar fari da uwar mijinta. Ta durƙusa shiru tana zufa. Na tambaye ta, ta ce, "Da sauƙi." Na ɗauka da saura, na koma wajen masu awo. Na manta a nan Arewa kukan naƙuda abin kunya ne, balle gaban suruka.

Kafin babbar ungozoma ta iso, ɗan ya koma.

Ba wanda ya zarge ni. Surukar har godiya ta yi mini. Ina cin abinci, ina zuwa aji, har yau ban yi kuka ba.

Jama'a, ku ba ni shawara: in gaya wa malamanmu yadda bidiyoyin sunka ruɗe ni? An riga an tura wa 'yan bayanmu su.