Fallen da na ƙi, shi ya tsamo ni

'Yan'uwana a cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Ku zauna da natsuwa, a kuma tsawata wa yaran can na baya, domin abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne.

Sunana Ishaku, masaƙi. A makarantar mishan aka koya mini cewa aikin da ba a yi daidai ba, ba a yi shi ba. Na riƙe wannan har ya zarce kima. Matata Saratu ce take kaɗa mini zare, kuma duk ƙasar Katagum ban ga mai kaɗi irin nata ba, amma ban taɓa gaya mata ba. Aibi kaɗai nake gani.

Bayan yaƙin Turawa na biyu, En'e ta fara shirya nunin amfanin gona da sana'o'in hannu a Azare. A nuni na farko wasu 'yan kasuwa suka yi abin kunya. Suka sayi yadin kanti wanda aka saƙa da inji a ƙetare, suka yayyanka shi falle-falle, suka ɗinke, suka turara shi da hayaƙin murhu domin ya yi kama da saƙin gida. Ɗayansu har ya ci kyauta kafin asiri ya tonu. Saboda haka aka yi shela cewa duk wanda ya sake yin haka, gidan yari zai tafi.

Na ƙudura zan saƙa farin zane wanda babu mai kushe shi, in kai nuni na gaba. Ana tsakiyar aiki, zazzaɓi ya kwantar da Saratu. Duk da haka ta ɗauki mazari, ta kaɗa mini zaren falle na ƙarshe. Ya fito da kauri a wani wuri, siriri a wani.

Na ce mata, "Wannan zare ne ko igiyar ɗaure akuya?"

Ta ce, "Maigida, iyakar ƙarfina ke nan."

Na saƙa shi a kan dole, da niyyar in sake saƙa shi in ta warke. Ta warke, ta kaɗa sabo mai kyau. Sai ƙurji ya fito mini a babban yatsan dama, ya kumbura har ba na iya riƙe ƙoshiyar saƙa. Ni kuwa ba na yarda wani ya zauna a masaƙata.

Na durƙusa na roƙi Allah ya warkar da yatsan domin in cire fallen nan. Na roƙa da safe, na roƙa da yamma. Bai warkar ba. A ƙarshe na ce, "Ya Ubangiji, ban gane ba, amma na bar maka." Ban faɗe shi da daɗin rai ba. Na naɗe zanen yadda mummunan fallen zai ɓuya a can ciki, na tafi.

A filin nuni mutane suka taru a kan zanena. Sai wani ɗan kasuwa ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku duba da kyau. Hannun ɗan Adam ba ya yin wannan. Ɗan mishan ne, Turawansa suka ba shi daga jirgi."

Magana ta bazu nan da nan. Dogari ya zo ya tsaya a bayana. A lokacin masu bi a Azare ba su cika zaure ɗaya ba. Na san idan aka ɗaure ni, ba Ishaku za a ce maƙaryaci ba, duk masu bin Yesu za a ce.

Masu duba kayan su biyu ne, Baturen gona da Sarkin Masaƙa, wani dattijo Musulmi wanda idonsa ya fara rauni. Bature ya duba, ya ce lallai daidaiton zaren ya ba shi shakka. Sarkin Masaƙa ya ce, "Malam Ishaku, warware shi duka."

Na tsaya kamar ban ji ba. Ku dubi wautar zuciyar mutum. Gidan yari yana gabana, amma abin da ya fi damuna kada a ga fallen nan.

Sarkin Masaƙa ya ce, "Malam, ko in sa dogari ya taya ka?"

Na warware. Ya bi zanen da yatsa, falle bayan falle, har ya kai na ƙarshe. Nan ya tsaya. Ya shafa, ya sake shafawa. Sa'an nan ya juya ga Baturen ya ce, "Ranka ya daɗe, inji ba ya zazzaɓi. Macen da ta kaɗa wannan zare ba ta da lafiya a ranar." Ya dube ni ya ce, "Ta samu sauƙi?"

Tsoron Allah ya rufe ni a tsakiyar filin. Tun ban san za a zarge ni ba, Allah ya riga ya ajiye mini shaida a hannun mace mai zazzaɓi, ya kuma ɗaure yatsana don kada in ɓata ta. Da ya amsa addu'ata yadda na so, da na kwana a kurkuku.

Dogari ya koma wurinsa. Kyauta kuwa ban ci ba, saboda aibin fallen, kuma hukuncin daidai ne.

Da na isa gida na shimfiɗa zanen a gaban Saratu, na roƙi gafararta. Ta ce, "Maigida, ga sabon zaren can, in yatsan ya warke sai ka sake saƙa shi." Na ce ba mai taɓa shi.

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya cece ni daga kurkuku da kuma taurin zuciyata. 'Yan'uwa, idan kun roƙa ya yi shiru, kada ku ce bai ji ba, ku dogara gare shi. Saratu tana zaune can a layin mata, zanen yana kafaɗarta. In an tashi, duk mai so ya je ya shafa falle na ƙarshe. Amin.