Gaisuwar da Chindo Ya Rage

Chindo, ma'aikacin siminti a Malbaza, shi ne ya fara rage gaisuwa a garin, cikin shekarar 1988. Wata rana a tashar mota wani dattijo da bai san shi ba ya gaishe shi, ya amsa da "Lahiya" kawai, ya kau da kai.

"Kai samari, haka aka koya maka amsa manya?"

"Baba, a wurin aiki an koya muna kullum mu cire abu guda mai cin lokaci, aiki ya ƙara kyau. Haka nike gyara kaina. Na cire 'ina gajiya', na cire 'ina gida', na cire 'ina labari'."

"Mutane buhun siminti ne? To yanzu saurin mi kake?"

Chindo ya harzuƙa. "Tsarnawa za ni! Kawuna ya rasu tun makon jiya. 'Yan garinmu kullum suna wucewa ta nan, ba wanda ya buɗe baki ya gaya mini!"

"Cikinsu wa ka tambaya 'ina gida'?"

Chindo ya juya ya nufi motar Tsarnawa. Lokaci dai ya samu, aikinsa kuma ya riƙe. Kawunsa kuwa an kai shi makwanci ba ya nan.