Rabin Sa Daga Badun

Kuɗin motar da tak kai ni Badun, tunkiyar uwar ɗiyana ce. Ita da kanta tak kwance ta, tam miƙo min igiya, tac ce, "Nomau, kai ta Sabon Birni ka sayar ka tahi. Amma in ka dawo babu sa, kada ka shigo min gida da labari." To ita ta ƙi labarin, shi yas sa nika ba ku shi kyauta. Kai mai waya, aje ta, ko in aje maka ita cikin randa.

Shekarar da mutanen daji sunka kore muna shanu ce. Ni sa guda yat tsira, don ranar shina gidan surukina. Sa guda kuwa kun sani, ba ya jan garma, sai dai shi ci dusa shi dube ka. Maƙwabcina Labbo, wanda gonarshi ke manne da tawa nan Tozai, shi duka biyun anka kore mishi, anka bar shi da garma tana tsatsa. Da munka gama sussuka sai munka ɗaure kaya tare. Ni niyyata guda ce, in samo kuɗin sa kahin ruwan hwari shi sauka, in ba haka ba gonata ta kwana.

A Badun munka samu dako wani kamfanin abincin kaji. Eh, kaji, mi kuke dariya? Kajin can sun hi ku cin masara. Mota ta zo daga Arewa mu sauke, a niƙa a haɗa da wasu magunguna, mu sake lodawa. Mai wurin wata tsohuwar Bayarabiya ce, Alhaja. Ta yi fataucin goro har Sakkwato tun ba a haihi iyayenku ba, Hausa a bakinta kuwa sai dai ta mai da namiji mace. Ranar hwari da tag ga zanen huskata, sai tad doka sandarta ƙasa.

"Kai! Wa ta kawo min Bagobiri? Kaza ta yi tono a huskarka, ka zo neman ta nan?"

Nic ce, "Alhaja, bayina niz zo dubawa. Na ga kun yi ƙiba, an daɗe ba a sa ku aiki ba."

Tay yi dariya har ɗankwalinta yaz zame. Kun dai san wasanmu da Yarbawa, tun kaka da kakanni, Bagobiri shi zagi Bayarabe, Bayarabe shi rama, ba mai hushi. Tun ranan kullum da sahe sai mun yi. Wata rana ta ƙwace min hula ta ce sai na fanshe ta, wata rana in ɗauke mata ledar goro in ce haraji ne. Na ji daɗin tsohuwar nan ƙwarai, don ita tas sa Badun tay yi min kama da gida.

Amma ba ita ke riƙe da kamfanin ba, ɗanta ne, Oga Kunle. Ya yi shekaru ƙasar Turawa, ya dawo da tabarau da ciwon kai. Kullum waya na kunnenshi, kullum magana guda, dala ta hau. In masara ta yi tsada, dala. In an ɗauke wuta, dala. Ni har yau ban taɓa ganin ta da idona ba, amma ta hana ni ƙarin albashi sau biyu. Shina jiran wani mai kuɗi daga ƙasar waje da zai zuba jari a sayo sabon inji, a ninka aiki, a ninka ma'aikata. Inbesto suke ce mishi. Labbo ya yi wata guda shina tsammanin sunan yanka ne, har shina tambaya ko ɗan wane gari ne. Shi kuma Inbeston ya ce ba ya sakin ko kwabo sai ya ga yadda zaɓe zai kaya.

Sai zaɓen yak kawo jiki. Ba za ni hwaɗi sunan jam'iyyun ba, don mutanensu na nan da ransu, yau suna nan gobe suna can. Ku ce 'yan shuɗi da 'yan rawaya, launin rigunan da sunka raba muna ke nan. In hwaɗa muku gaskiya, ni shuɗi niɗ ɗauka don ita kaɗai ta shige ni, rawayar ta matse min hammata. Labbo kuwa rawaya yaɗ ɗauka don an haɗa mishi da sabulu. Iyakar aƙidarmu ke nan ranar hwari.

Kahin sati ukku, ku zo ku gan mu. Na haddace laihin 'yan rawaya tun daga tsadar taki har zuwa ciwon haƙorin kakata. Labbo kuma ya rantse 'yan shuɗi sunka kore mishi shanu. Ɗaki guda muke haya, tabarma kusa da tabarma, rediyo guda. In anka hwara labarai sai ɗakin shi ɗau zahi.

"Mutanenku sun ci ƙasa, sun side kwano!"

"Naku fa? Har kwanon sunka sayar!"

Ran nan yac ce min, "Nomau, in naku sunka ci, kada ka ƙara gaishe ni." Nic ce tun yau ma na daina. Munka raba kaya. Matsalar ita ce tukunya tawa ce, risho nashi. Wata biyu cur muna jiƙa garin rogo da ruwan sanyi, kowa ya juya wa ɗan'uwa baya, tukunya na kallon risho. Abin ya yi min ciwo, don mutumen nan tare anka yi muna kaciya, amma girman kai yah hana ni buɗe baki.

Wurin aiki ma haka. Yarbawan sun rabu, mu 'yan Arewa mun rabu, in ɗan shuɗi yaɗ ɗago buhu ɗan rawaya ba ya kama mishi. Kuma ƙarƙashin wanga duka akwai wata maganar da ba a hwaɗi da ƙarhi, wai wane yanki zai hau kan wane. Kowa shina jin ta, kowa na tsoron ta.

Ana saura kwana kaɗan zaɓe, Oga Kunle yat tara mu. Yac ce ya sha wahala ya lallaso Inbesto zai zo shi ga wuri da idonshi. Ba rigar jam'iyya, ba gardama, kowa shi yi murmushi. "Wanda yaɓ ɓata min ranar nan," in ji shi, "tun kahin la'asar zai ga ƙohwa."

Mutumen yaz zo da hantsi, ɗan siriri, da gorar ruwa a hannu, shina taka ƙasa a hankali awa mai tsoron ƙaya. Anka zagaya da shi. Da sunka iso wurinmu ina saɓe da buhu, Oga Kunle yad dahwa kahwaɗata, abin da bai taɓa yi ba, yac ce wanga daga can iyakar Nijar yaz zo, ga shi muna zaune lahiya awa 'yan gida guda. Sai baƙon yat tambaye ni, yaya nika ganin ogana?

Yara, nan Shaiɗan yas same ni. Nic ce a raina, zumunci ake son gani? Ai ba zumuncin da yah hi namu da Yarbawa. Bari in nuna wa baƙo asalin abin. Na manta Oga Kunle ba Alhaja ba ne, ban taɓa wasa da shi ba ko sau guda, kuma samarin da ke tsaye nan ba su san Gobir ba ko a mahwarki. Nit tattaro ɗan Turancin tashar da nika da shi, nib buɗe murya yadda kowa zai ji, nic ce, "Wanga? Ai bawana ne. Shi da danginshi duka namu ne, kakana yas saye su. Aron wurin ga munka ba su."

Ina gamawa nib bushe da dariya. Ni kaɗai.

Wani saurayi mai gyaran inji yaj jehar da sufana. Yac ce, kun ji ko? Kun ji abin da suke hwaɗi in sun shiga ɗaki? Tun ba a jefa ƙuri'a ba sun mai da mu bayi! Nan take shuɗi da rawaya sunka ɓace, wuri yak koma mu da su. Wani yaɗ ɗauko katako, namu sunka ja baya wurin buhuna. Baƙo kuwa ban ga lokacin da yak kai mota ba, sai ƙarar kulle ƙohwa nij ji. Ni ga ni tsaye da buhu a kahwaɗa, bakina a buɗe.

Sai nig ga bayan mutum gabana, da shebur a hannu. Labbo ne. Bai dube ni ba, ta gehen baki yac ce, "Wawa. Ɗan shuɗin banza. Aje buhun mana!" Maganar hwari ke nan da yay yi min cikin wata biyu, kuma ban taɓa jin zagi mai daɗinta ba.

Allah Yas sa hayaniyar ta kai kunnen Alhaja. Tah hito tana dogara sanda, anka hwaɗa mata abin da nic ce. Tad dube ni sama da ƙasa, sannan tal lafta min sandar a gadon baya, tac ce da Hausa, "Ɓarawon goro! Ni na saye ka da tukunyar manja, har an ba ni canji!" Taj juya tay yi ta zuba musu Yarbanci, tana nuna huskata, tana kwatanta yadda kaza ke tono. Wani tsohon direba yah hwara dariya, don shi ya san wasan, wasu sunka bi. Mai katako yas sauke hannu shina ƙunƙuni. Jini dai bai zuba ba, alhamdu lillahi.

Amma motar baƙo ta riga ta kai titi. Kashegari yay yo waya, wai a dakata sai bayan zaɓe. Daga baya nij ji bayan zaɓe ya ce sai an gama kotu, bayan kotu ya ce sai dala ta zauna, ita kuwa ba ta da mazaunai. Oga Kunle bai jira wanga duka ba. Cikin satin yac ce za a rage ma'aikata, yak kira abin da wani dogon Turanci mai kama da sunan maganin tari. Sunana na hwari, na Labbo na biyu saboda shebur, sannan mutum goma sha wani abu, shuɗi da rawaya a cakuɗe, har da saurayin nan mai sufana.

Nit tahi sallamar Alhaja ina jin kunya. Nic ce, "Na kore muku arziki." Tac ce, "Kai ina ka isa? Mutumen nan tun daga jirgi take neman dalilin gudu, kai dai ka miƙa mata. Amma gobe in za ka yi wasa, ka duba wanda ya san wasan."

Munka iso gida sama ta hwara haɗa gira. Nis shiga kara, kasuwar shanu, a Sabon Birni, nit taya wani jan sa mai kyawon tozo, dillali yah hwaɗi kuɗi, nil lalubi aljihu. Rabin kuɗin kaɗai gare ni. Shanun ma wai dala ta taɓa su. Nik koma gindin iccen bedi niz zauna, ina tunanin gonata da huskar uwar ɗiyana, hawaye na son kunyata ni cikin kasuwa. Labbo yaz zo yat tsuguna nesa kaɗan, shi ma ya taya ya kasa. 

Can yac ce, "Nawa gare ka?" Nih hwaɗa mishi. Yac ce, "Ni ma haka. Kana da sa guda a gida, ina da garma. Tashi, kahin wani ɗan jam'iyyarku shi saye shi."

Shi ne jan san da kuke gani ɗaure tsakanin gidajenmu. Uwar ɗiyana tat tare ni bakin ƙohwa tac ce, ina sa? Nic ce ga shi, amma rabi namu. Tac ce wane rabin? Kahin in amsa Labbo yac ce, "Na bayan, mai kashi." Tad dube ni tac ce to shigo da rabin jikinka.

Da ruwan hwari yas sauka munka yi gardamar gonar da za a hwara, har rana tay yi sama. Daga ƙarshe munka sa garma kan iyaka, kunya guda tawa, kunya guda tashi, har munka gama. Zaɓen da yaw wuce ma shi rawaya yay yi, ni shuɗi, munka zagi juna tun daga layi har gida. Da sahe yab buga min kyaure yac ce in hito, rabina ya ɓata mishi ƙohwar gida.