Bakina Ne Ya Hana Yaya Saratu Allura

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu wanda ya tsayar da ni da ƙafafuna yau. Sunana Rifkatu, mai bandar kifi a Wara. Shaidata tana da nauyi, ku yi haƙuri da ni.

Yawancinku kun san yayata Saratu. Ita ta raine ni bayan rasuwar Inna, ita ta koya mini sana'a. Tana fama da ciwon suga, amma ba ta taɓa fashin zumuntar mata ba.

Shekarar da korona ta fara shigowa, mu biyu muka kwanta: zazzaɓi, tari, hanci ba ya jin ko ƙaurin banda. Muka warke. Da masu rigakafi suka zo, Yaya ta yafa mayafinta za ta je, na tare ta a ƙofa.

Na ce, "Yaya, ina za ki? Wanda ya yi ƙyanda yana sake yi? Jininmu ya riga ya san cutar nan."

Ta ce, "Rifkatu, an hwa ce masu suga su fara zuwa."

Na yi dariya, har na ce, "Ina bangaskiyarki?" Wayyo ni! Na ɗauki sunan Allah na rufe taurin kaina da shi. Ta cire mayafin ta zauna, don ba ta iya musu da ni.

Bayan shekara da wani abu, muka dawo daga cin kasuwar Yawuri da mura. Na ce tsohuwar baƙuwa ce, za ta wuce. Kwana biyar numfashi ya gagare mu, aka kai mu asibiti, aka ce korona ce. Ni na fito. Yaya ba ta fito ba.

Kafin a sallame ni na riƙe hannun ma'aikaciyar jinyar da ke kula da mu, Malama Hadiza, na ce, "Mun taɓa yin ta! Yaya aka yi ta dawo?"

Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Gaskiyarki rabi ce, Mama. Jiki yana tuna cutar da ya taɓa yaƙa. Ƙwayar ƙyanda ba ta cika sauya kama ba, shi ya sa jiki ke gane ta har tsufa. Wannan kuwa sauya kama take yi. In sabuwa ta shigo, jiki yakan fara ɗauko makamin da ya yi wa tsohuwar. Yana taimakawa, wataƙila shi ya taimake ki, amma bai dace da ita sosai ba, kuma ƙarfinsa yana raguwa da daɗewa. Allura tana sake tunatar da jiki, ta ƙara masa ƙarfi. Mai suga ya fi kowa bukatarta."

Na ce, "Da ta yi, da tana raye?"

Ta ce, "Wannan Allah kaɗai ya sani. Amma da ta shiga yaƙin da shiri."

Wata huɗu ban taka majami'a ba. In na durƙusa, bakina ba ya buɗewa. Na daina hura wutar banda, na rame, ina gudun haɗa ido da 'ya'yan Yaya. Ba wanda ya san abin da ya faru a ƙofar nan sai ni.

Wata safiya mijinta, Baba Ayuba, ya same ni zaune a tsakar gida. Ban san sa'ad da na faɗi gabansa ina kuka na faɗa masa duka ba.

 Ya ce, "Na sani, ƙanwata. Tun ranar ta gaya mini. Ni ma ina da babur, ban kai ta ba. Tashi mu roƙi gafara tare."

Muka durƙusa a ƙasa. Abin da na iya faɗa kawai, "Yesu, ka ji tausayina, na yi magana a kan abin da ban sani ba." Nan take wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Halleluya! Ran nan na ci abinci har na ƙoshi.

Ba zan ce muku na daina nadama ba. Har yau in na ga wurin zamanta a benci na biyu, nakan tuna ranar da na tare ta a ƙofa. Amma Ubangiji ya gafarta mini, ya fisshe ni daga ciwo, ya fisshe ni daga hukunta kaina. Na je na karɓi allurata, Baba Ayuba ne ya kai ni.

Ina roƙonku, ku dogara ga Allah, ku kuma saurari waɗanda ya ba ilimin jiki. In wani naku ya tashi neman lafiya, kada ku tsaya masa a hanya, ku raka shi.

Godiya da ɗaukaka ga Yesu, mai ɗaga wanda ya faɗi. Amin.